Mai Riƙe da Takardar Ƙirga a Bikin Teku

A taron farko na 'yan sa-kai da na halarta don shirya bikin teku na garinmu, fiye da rabin lokacin ya tafi ne wajen gardama a kan jadawalin cika da janyewar teku. Na zo da zaton za a yi maganar rumfuna da makaɗa, sai na tarar mutane sun duƙufa a kan wata takarda mai cike da lambobi. A yawancin gaɓoɓin duniya ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, shi ya sa lokacin janyewar yake matsawa gaba da kamar minti 50 a kullum. Kuma ba duk janyewa ce ɗaya ba. Idan wata ya raba tsakiya ya cika, ko ya ɓace gab da tsayuwar sabo, ruwan yakan tumbatsa ƙwarai, sannan ya ja da baya can nesa, ya bar duwatsu da taɓo da yashin da ba a saba gani ba a fili. Irin wannan ranar ake nema don share gaɓa, ta kasance ranar hutu, kuma janyewar ta faɗo da sassafe kafin rana ta ɗaga. Masu shirya nishaɗi ranar da jama'a za su fi cika suke so. Masunta suka ce su dai a tambayi ruwa, kuma maganarsu aka bi.

Garuruwan bakin teku da dama suna ɗaura bikinsu ne a kan ɗaya daga cikin ranaku biyu. Akwai 8 ga Yuni, Ranar Tekuna ta Duniya, wadda Kanada ta kawo shawararta a taron muhalli na Rio a 1992, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ita a hukumance a 2008. Akwai kuma Asabar ta uku a watan Satumba, ranar gangamin share gaɓar teku da ƙungiyar Ocean Conservancy ta faro a jihar Texas ta Amurka a 1986, da mutum kimanin 2,800. Kwamitinmu ya ɗauki ƙarshen makon da ya fi kusa da ta Satumba wanda ruwa ya yarda da shi, don irin takardar ƙirgar shara ta Ocean Conservancy muke amfani da ita.

Takardar nan ita aka danƙa mini. Ana raba mutane rukuni-rukuni, uku ko huɗu: mai riƙe buhu, masu tsinta, da mai rubutu. Ba a cika rububin zama mai rubutu ba, tunda shi ba ya fitowa a hoto rungume da buhu. Malamar da ta horar da mu, wadda gwajin ruwa ne sana'arta, ta ware mu masu rubutu wata yamma ana saura mako guda. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Kada kowa ya rubuta mini 'da yawa'. In kun gaji ku zauna ku huta, amma ban da ƙiyasi." Kowane irin tarkace da layinsa: guntun sigari, murfin gora, gorar roba, kwalba, gwangwani, leda, ledar alewa da biskit, tsinken shan lemo, igiya, raga, zaren fatsa, balan-balan, da wani layi na ɓaraguzan roba da ba a gane asalinsu ba. Sanda huɗu a tsaye, ta biyar a gicciye. Da fensir ake rubutu, domin tawadar biro takan malale idan feshin ruwan gishiri ya taɓa takarda.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Safar hannu da takalmi rufaffe dole ne. Allura ko sirinji babba ne kaɗai zai ɗauka, ya jefa a wata kwalba mai kauri. Durom ko jarkar da ba a san abin da ke ciki ba, a kafa mata sanda a kira shugaban rukuni. Mataccen kunkuru ko tsuntsu, a ɗauki hoto a rubuta inda aka gan shi, a bar shi a wurin. Ciyawar tekun da igiyar ruwa ta jibge a gaɓa ma a bar ta, sai dai a tsince robar da ta maƙale a ciki, don a ƙarƙashinta ƙananan halittun da tsuntsaye ke ci suke rayuwa.

Ranar bikin gari bai gama wayewa ba muka hallara. Aka auna mana mita 100 na gaɓa, aka kafa tuta a kowane ƙarshe. Tsawon da ake aunawa ke nan a binciken sharar gaɓa a Turai da wasu wurare, don a iya kwatanta bana da bara, a kwatanta wannan gari da wancan. A rukunina akwai wani dattijon masunci da jikarsa 'yar makaranta, da wani saurayi da ya karɓi buhu. Muka faro daga layin da ruwa yake tsayawa idan ya cika, inda tarkace ya fi taruwa, muna gangarawa muna bin ruwan da ke janyewa.

Aikin ya fi yadda na zata tafiyar hawainiya. Mai tsinta sai ya ɗaga abu ya faɗi sunansa, na ja sanda, kafin ya shiga buhu. Saurayin nan ya ƙosa tun ba a yi nisa ba, yana hango sauran rukunoni sun wuce mu, buhunansu sun yi tim. Ni kuwa takardar ta fara nuna mini abin da ido ba ya kamawa. Layin murfi ya cika har na koma rubutu a gefe, layin gora kuwa da kyar ya kai rabi. Na ce wa dattijon, "Baba, ina gorunan duk waɗannan murafe suka shige?" Ya nuna teku da haɓa ya ce, "Suna ƙasa, ɗana. Mu da muke jan raga mu muke ganinsu." Daga baya Malama ta ba ni dalilin. Robar jikin gorar ruwa da ta lemo ta fi ruwan teku nauyi, da zarar murfi ya fita ruwa ya shige ta sai ta nutse. Murfin kuwa da wata roba ake yin sa wadda ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ya yi ta yawo a sama har igiya ta tofo shi. Ashe kowane murfin da na ja wa sanda, akwai yiwuwar gorarsa tana can kwance inda babu ɗan sa-kan da zai kai.

Abu na biyu da takardar ta nuna shi ne inda tarkacen yake fitowa. A ƙarshen mita 100 ɗinmu akwai bakin wata babbar magudana da ke kwaso ruwan sama daga titunan gari. Muna matsowa kusa da ita sandunan guntun sigari da ledar alewa suka fara ƙaruwa, har sai da na ce masu tsinta su riƙa tarawa goma-goma a tafin hannu kafin su kira. Mutane da yawa sun ɗauka abin da ke gindin sigari auduga ce da za ta ruɓe. Roba ce, zare-zare, takan ɗauki shekaru kafin ta wargaje, tana ɗauke da nikotin da sauran dafin da ta tace. Shekara da shekaru ita ce ke zuwa kan gaba ko kusa da gaba a ƙirgar gangamin Satumba na duniya. Kuma mafi yawan waɗanda muka tsinta ba a gaɓar aka sha su ba. An yar da su ne a bakin tasha ko ƙofar shago, nesa da teku, ruwan sama ya kora su cikin kwata, kwata ta miƙa wa magudana. A garuruwa da yawa ruwan irin wannan magudana ba ya bi ta wata matata, kai tsaye yake faɗawa teku.

Jikar dattijon ce ta gano ragar. Wani ɗan bakin igiya kore ta ja, ya ƙi fitowa. Muka tona da hannu, aka kawo shebur, sai ga raga ta nannaɗe a cikin yashi, tsawonta ya fi ƙarfin mutum huɗu. A cikinta akwai ɓawon kaguwa da ƙasusuwan kifi. Raga idan ta ɓace a ruwa ba ta daina kamu: kifi ya faɗa ya mutu, kaguwa ta zo cin gawar ita ma ta maƙale, haka abin yake ta tafiya. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan tarin robar da ke yawo a tekun Fasifik tsakanin Hawaii da California ya nuna cewa ragar kamun kifi ce ta kai kashi 46 cikin 100 na nauyinsa. Dokar jiragen ruwa ta duniya, MARPOL, ta hana zubar da roba a teku tun ƙarshen 1988, har da raga. Saurayinmu ya fara ɗora wa masunta laifi, dattijon bai tanka ba sai da ya gama yanka ragar gunduwa-gunduwa da wuƙarsa. Sannan ya ce babu masuncin da zai jefar da ragarsa da gangan, da guminsa ya saye ta, dutse ne ko guguwa ke ƙwace ta. "Wadda ta tsufa kuwa," in ji shi, "ka nuna mini inda aka tanada a gaɓar nan a ajiye ta." Babu. Na rubuta wannan a bayan takardar, tunda ba shi da layi.

Kafin ruwa ya fara dawowa aka ba kowane rukuni rariya da wani katako mai kusurwa huɗu. A ajiye katakon a kan yashi, a kwashi saman abin da ke cikinsa, a tankaɗe. Duk robar da ba ta kai milimita 5 ba ita ake nema. Yashin da ka rantse tsaf yake, sai ka ga ya bar ɓarɓashi shuɗi da ja da fari a rariya. A ciki har da wasu ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi, waɗanda su ne ɗanyen kayan da masana'antu ke narkawa su yi roba. Sukan zube daga jirage da tashoshin ruwa. Lokacin da jirgin X-Press Pearl ya kama da wuta a gaɓar Sri Lanka a watan Mayun 2021, irinsu ne suka lulluɓe gaɓar ƙasar, ton sama da 1,600. Namu ba su kai cikin tafin hannu ba, amma babu masana'antar roba a garin, daga wani wuri ruwa ya kawo su.

Daga nan Malama ta ja ni cikin kwale-kwalen dattijon don in rubuta mata sakamakon gwajin ruwa. Wurare uku muka tsaya: gaban magudanar, bakin kogin da ke shiga teku, da gaban inda yara ke wanka. A kowane wuri, don a san ko ruwan garau yake, ta fara da zura wani farin faifai mai faɗin santimita 30 ɗaure da igiya mai alamomi, tana sassauta igiyar har faifan ya ɓace wa ido, ta ɗan jawo shi har ya sake bayyana, ta faɗi tsakiyar zurfin biyu. Wani limamin coci ɗan Italiya kuma masanin taurari, Angelo Secchi, shi ya fara amfani da irinsa a 1865, kuma har yau ana amfani da shi. A gaban wurin wanka faifan ya yi nisa kafin ya ɓace. A gaban magudana kuwa ko tsawon hannu bai kai ba.

Sai gishiri. Ruwan teku na sosai yana da kamar giram 35 a kowace lita, idan aka ga ya ragu ƙwarai to ruwan tudu yana shigowa ta wurin. Sai iskar oksijin da ke narke a ruwa, wadda da ita kifi ke numfashi. Idan ta yi ƙasa da miligiram 2 a lita, mai iya gudu ya gudu, wanda ba ya iyawa, irin su kawa, ya mutu a inda yake. Abin da ke janyo haka sau da yawa takin zamani ne da ƙazantar masai, su suke ciyar da gansakuka ta yi yawa, idan ta mutu ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye iskar. Da sassafe ya fi kyau a auna, don cikin dare gansakuka ba ta fitar da iska, sha kawai take yi, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. A nan ma janyewar safe ta yi mana rana.

Na ƙarshe shi ne wanda ta fi ba muhimmanci. Ta sa sabuwar safar hannu, ta buɗe wata 'yar kwalba da ba a taɓa buɗewa ba, ta nutsa ta da baki ƙasa, ta juya ta a cikin ruwa, ta rufe ba tare da yatsanta ya taɓa cikin murfin ba. Mililita 100 ake buƙata. Na rubuta wuri da lokaci a jikin kowace, muka sa a kula mai ƙanƙara. Dole su isa ɗakin gwaji cikin awa shida, in ba haka ba aikin ya tashi a banza. Saboda haka Malama ba ta ga ko kiɗa ɗaya na bikin ba, muna taɓa tudu ta ɗauki kularta ta yi gaba.

Bikin kansa ya yi armashi. Kwale-kwale sun yi jerin gwano da tutoci, 'yan makaranta sun haɗa wani ƙaton kifi da murafen da aka tsinta, makaɗa sun yi nasu har yamma. Kwamiti ya hana sakin balan-balan, ya hana kofin roba na sha-ka-yar, kowa da kofinsa ya zo, abin da ya jawo 'yan gunaguni a rumfuna. An rataye sikeli a tsakiyar fili ana auna buhuna, mai magana da lasifika yana shelanta jimilla, jama'a na tafi. Rukunin da ya ci kyautar nauyi tayar mota biyu suka turo da wata katifa jiƙaƙƙiya cike da yashi. Ban ƙi a yi tafi ba, da shi ake jawo mutane su dawo baɗi. Amma nauyi ba ya gaya wa hukuma abin da za ta gyara. Guntun sigari dubu ba su kai taya ɗaya nauyi ba, kuma su ne ke nuna hanyar da shara take bi. Dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2019 a kan robar sha-ka-yar, an gina ta ne a kan jerin abubuwa goma da aka fi ƙirgawa a gaɓoɓinta. Ita ta hana sayar da tsinken shan lemo da cokula da farantan roba daga Yulin 2021, ita ta sa daga Yulin 2024 murfin gora ya zama manne da gorarsa. Mutane ne da fensir da takarda irin tawa suka tara waɗannan alƙaluma.

Mu masu rubutu a bayan wata rumfa muka ƙarasa yinin, muna haɗa sanduna, kowa yana duba lissafin ɗan'uwansa. Takardu biyu aka ajiye gefe, don a kan layin ɓaraguzai an rubuta "da yawa".

Washegari da yamma na je ɗakin gwajin. An zuba wani garin magani a kowace kwalba tun jiya, an juye ruwan a wani faranti mai ƙananan ramuka 97, an liƙe, an sa a na'ura mai ɗumin digiri 41 na awa 24. Ƙwayoyin da ake nema na cikin hanjin mutum da dabba ne. Samun su a ruwa alama ce ta cewa kashi ya shigo, kuma inda kashi ya shiga masu sa gudawa da ciwon kunne da na fata suna iya biyowa. Malama ta kashe fitilar ɗaki ta kunna wata mai hasken shuɗi. Duk ramin da ƙwayoyin suka yaɗu a ciki yakan yi ƙyalli, a ƙirga masu ƙyallin, a duba jadawali ya ba da adadi. A ma'aunin da Amurka ta daɗe tana amfani da shi, idan kwalba ɗaya ta ruwan teku ta haura ƙwayoyi 104 a mililita 100, ana gargaɗin masu wanka. Farantin wurin wanka ramuka kaɗan ne suka haska, yana ƙasa da iyaka. Na bakin kogi ya ɗara shi. Na gaban magudana kusan babu ramin da bai haska ba. An yi ruwan sama kwana biyu kafin bikin, kuma ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba shi ne ke wanko duk abin da tituna da kwatoci suka tara. Shi ya sa a wurare da dama ake shawartar mutane su ƙaurace wa wanka kusa da magudana har awa 72 bayan ruwan sama. Tsakanin bakin magudanar nan da inda yara ke wanka tafiya ce ta 'yan mintuna a ƙafa, kuma igiyar ruwa takan juya.

A makonnin da suka biyo baya muka bi magudanar zuwa cikin gari, muna fentin hoton kifi a bakin kowace kwata da rubutun cewa nan teku yake zuwa. A wani lungu muka ga bututun wani gida yana zuba kai tsaye a ciki, da warin da ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ba mu buga ƙofa ba, aikin hukuma ne, muka dai sa alama a taswira.

Da aka ba kwamiti dama a zaman majalisar gari, buƙatu huɗu muka kai, kowace da takardarta: a sa ragar ƙarfe a bakin magudana a riƙa kwashe ta, a kafa abin zuba guntun sigari a tashoshi, a ajiye babban akwati na tsohuwar raga a inda masunta ke sauka, a kuma riƙa kafa allon gargaɗi bayan ruwan sama. Wani ɗan majalisa ya ce sharar daga wasu garuruwa ruwa ke kawo ta. Aka miƙa masa takardar rukuninmu tare da ta rukunin da ya yi can nesa da magudana, ya dubi layin sigari a duka biyun, bai ƙara maganar ba. Akwatin raga da allon gargaɗi an amince nan take, tunda ba su da tsada. Ragar ƙarfe aka ce sai kasafin baɗi, don ba sa ta ne aiki ba, samun mai kwashe ta duk bayan ruwa ne. Maganar bututun gidan nan an tura wa masu duba tsafta.

Malama ta ce kwalba uku na rana ɗaya ba za su tsaya a matsayin hujja ba idan aka zo maganar kuɗi, sai an riƙa ɗauka duk wata a wurare ukun, da kuma duk bayan ruwan sama mai ƙarfi. An yi jadawali an raba mu. Ni da dattijon aka ba bakin magudana: shi zai duba lokacin janyewa ya kira ni, ni kuma in kawo kula da ƙanƙara, in tabbatar kwalbar ta isa ɗakin gwaji kafin awa shida su cika.